Bakin Caji

Wata uku ke nan wayata ba ta cin wuta
sai an lallashe ta.
In na soka mata igiya sai na karkata wuyan hagu,
in ɗora gwangwanin madara a kai,
in ja da baya a hankali
kamar mai barin ɗakin da jariri ya yi barci.
Ko tari na yi, ta saki.

A Aboabo ba a ciwo a ɓoye.
Duk wanda ya leƙo shagona karɓar ɗinki
sai ya bar mini magani.
Mumuni direban tirotiro ya ce batir ne,
nasa ma haka ya fara kafin ya kumbura kamar burodi.
Hajiya Lariba mai wake da shinkafa
ta ce in binne ta a garin rogo kwana biyu.
Na ce ai ba ruwa ta sha ba.
Ta ce gari ba ya tambaya.
Sumaila ɗan ƙanena,
wanda bai taɓa sayen ko igiya da guminsa ba,
ya ce da gangan kamfani ke kashe tsofaffi
don a nemi sababbi.
Na dube shi ta saman tabarau.
Ya ce wayoyi yake nufi.

Malam Tanko ya ɗora wa masu wuta:
su ɗauke, su kawo, su ɗauke,
ko ƙarfe ne ai ya gaji.
Matata ba ta ce uffan ba,
ta dai ɗauke gwangwanin ta haɗa shayi.

Igiya huɗu na saya.
Ta ƙarshen a Kejetia, wurin wani yaro
da ya rantse har da dafa ƙirji.
Kwana tara ta yi.

Ran Talata wata mai suna ta kira ni sau shida,
waya na kwance kamar dutse,
ta kwashi atamfarta ta kai wa na tsallaken kwata.
Nan na rufe keke, na nufi Adum.

Ƙarƙashin wata lema mai yagaggen gefe
na sami yarinya, Afriyie,
teburinta bai kai faifai biyu ba.
Na yi mata bayani da Tonancina na kasuwa,
na haɗa da hannu, na kwatanta gwangwani.
Ba ta kwance ko ƙusa ɗaya ba.
Ta haska bakin cajin, ta ɗauko allura.
Allura!
Abin da nake riƙe da shi shekara talatin da ɗaya.

Ta soka, ta juya, ta jawo.
Wani ɗan curi ya faɗo kan farar takarda,
sai wani, sai wani.
Na sunkuya.
Ga shuɗin shaddar Sallar bara waccan,
ga ruwan ƙasa na kayan 'yan makaranta,
ga jan zaren da ya ƙare mini da tsakar dare,
ga wani fari sol
da na san na likkafanin Baba Awudu ne,
don ni na yanka shi, waya na aljihu tana ta ruri.

Ta ce, Baba, tela ne kai?
Ta soka igiya. Wuta ta kama, ba karkatawa.

Na tambayi kuɗi, ta ɗaga kai ta dubi lemarta.
Na zaro tawa allurar daga hula.
Muka rabu ba wanda ke bin wani.

Da na koma unguwa na ba da labari
Mumuni ya ce batirin ma yana nan tafe.
Hajiya Lariba ta ce ai ta faɗa.

Curin yana nan, na ƙulle shi a takarda,
na sa a aljihun da ya fito.
Da dare kuwa in na sa caji
har yau da sanɗa nake barin wurin.